Hasken Ɗakin Ladidi

Tun da aka daina amfani da ƙwan fitila, bangon ɗaki ne ke ba da haske, kuma zuciyar mutanen ciki yake bi. In ana baƙin ciki ya dusashe, in akwai mai murna ya haskaka.

Ranar sadakar ukun Malam Gambo mata suka cika ɗakin matarsa Ladidi. Kowa na share hawaye, amma bango tar kamar ranar suna.

Inna Delu, yayar mamacin da ta iso da safen nan, ta bi fuskoki da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ta ce wa maƙwabta su fita su sha iska, haske bai ragu ba. Ta tura dangi rabon gumba, yana nan yadda yake. Saura su biyu.

"Ladidi, shekara tara kina jinyarsa. Kin huta, ko?"

"Yaya, jiya ba haka bangon yake ba," in ji Ladidi, kanta a ƙasa.

Inna Delu ta ja tsaki ta fice. Tana saka takalmi a bakin ƙofa ta waiwaya. Ɗakin ya yi duhu dunɗum.