Ci Bakwai

Mainassara ya shure ramukan dara da ƙafa har ƙasa ta faɗa cikin furarsa. Karo na bakwai ke nan Kyari yana cinye shi cikin shekara guda, alhali ko ido ba su haɗa ba.

Tun babban farin nan da ya kashe musu shanu, shi da Kyari kowa ya kwanta a zaurensa, ba fita, ba cin kirki. Ran nan matarsa Zara, wadda ke kai tallan fura ƙauyen yayanta Kyari can bayan Yekuwa, ta dawo da saƙo. Ta karkace baki, ta shaƙe murya irin ta Kyari sak: "Ki gaya wa mijinki, in hannunsa bai bi shanun ba, ga tsinkena a ramin tsakiya."

A ranar Mainassara ya tashi ya haƙa ramukan dara talatin.

Kullum taku ɗaya. Zara ta tafi da nasa da safe, ta dawo da na Kyari da la'asar, ta dasa tsinken ko duban ramukan ba ta yi, sannan ta ɗora da baƙar magana. "Ya ce sunan nan naka aro ne, ka mai da wa mai shi." Wata rana kuma, "Ya ce akuyarsa ta fi ka hangen nesa."

Don haushi Mainassara ya koma tashi da malmala biyu. A gona yana huɗa yana zagin Kyari. Abin da ya fi ƙona masa rai, shekara talatin suna dara, ya san Kyari da garaje. Yaushe ya koyi ɗana tarkon kwana ashirin?

"Yayanki da asiri yake wasa."

"To Malam, kai ma ka nemo mana," in ji ta, tana dama fura.

Ci na bakwai ya zo da saƙon da ya fi duka: wai ya bar wa maza dara, ya taya Zara daka.

Washegari da hantsi ya ɗauki gora. Ya rantse yau zumuncin shekara talatin zai yanke, kuma a gaban jama'a. Bai kai rabin hanya ba, daidai rijiyar makiyaya, sai ga Kyari tafe, ya yi ƙiba, ido jajur, shi ma da tasa gorar.

Mainassara ya tare hanya. "Ci bakwai bai ishe ka ba, sai ka haɗa da aiko min zagi?"

Kyari ya tsaya cak, gora a sama.

"Wa ya ci wa? Ni ka cinye sau bakwai. Kullum sai Zara ta kawo min takunka da zaginka, da muryarka sak."