Damtsen Shafi'u

Adawiyya tana tankaɗe a tsakar gida, da hantsi, mutum biyu suka shigo ba sallama, bindigogi rataye a kafaɗa. Ba su taɓa buhun gero ba, ba su kalli awaki ba. Dogon cikinsu ya ce, "Ɗauko robar nan ta mijinki, ki biyo mu."

Ta ajiye rariya, ta shiga ɗaki ta ɗauko. Tun farkon damina aka tare mijinta Shafi'u a hanyar Runka yana dawowa daga cin kasuwar shanu, kuma daga ranar ba ta sake jin ɗuriyarsa ba. Abin da ya fi cin ranta shi ne ciwonsa. Likita a Katsina ya ce zuciyarsa ta yi rauni, ƙodar ma ta fara taɓuwa. Ban da magani, ya koya mata wata dabara da ake gwadawa: ta ɗaura masa robar awon jini a damtse, ta hura har jini ya daina sauka hannu, bayan 'yan mintoci ta sassauta, ta sake. Ana sa ran idan jiki ya saba da wannan ƙaramar wahala, zuciya da ƙoda za su fi jure babba.

Suka ɗora ta a babur, suka bar Batsari suka nausa daji. Ta ƙanƙame robar a ƙirji, bakinta na ta salati, tana jiran inda za a tsaya a gama da ita.

A wata bukka ƙarƙashin dutse suka sauke ta. Mutanen suka tuɓe takalma a ƙofa kafin su shigar da ita.

Shafi'u na kwance kan katifa cikin farar riga, ƙafafunsa sun kumbura, numfashi na fita da ƙyar. Ta durƙusa tana laluba ƙafafun ko akwai sawun marin ƙarfe. Babu. Ta gode wa Allah.

"Sannu, Maigida," ta raɗa. "Sun dake ka?"

Ya girgiza kai, ya miƙo hannu bai dube ta ba.

Ta ɗaura, ta hura. Yatsunsa suka fara yin fari. Bukkar ta yi tsit, ko tari babu mai yi. Ta san lissafinsu: rayayye yana da amfani, in ya cika a hannunta, ita ma ba za ta ga gida ba. Ta sassauta, ta jira, ta sake hurawa, gumi na ɗiga mata daga haɓa.

Da ta gama, dogon ya matso. Adawiyya ta runtse ido, ta kare mijinta da jikinta.

Mutumin ya ajiye bindiga, ya tsugunna, ya sunkuyar da kai gaban katifar.

"Ranka ya daɗe, Shugaba, a mayar da ita gida, ko ka fi so ta zauna?"