Hannun da Ya Yi wa Baba Allura

Fiddausi tana rufe akwatin allurar korona a bakin kasuwar Bande, wuni guda ba wanda ya yarda aka yi masa, sai ga Muttaƙa a kan moto. Bai ko kashe inji ba.

"Dangi sun janye maganar aurenmu," ya ce, idonsa a ƙasa. "Wai allurarki ce ta kashe Baba."

"Hawan jininsa ya daɗe. Kai ma ka sani."

"Na sani. Amma ni na lallashe shi, ni na naɗe masa hannun riga. Ko ni, Fiddausi, in na kalli hannunki, ranar nake gani."

A hankali ta ja mayafi ta rufe hannun.