Tsoffin Ƙarafan Delbert

Sau biyar aka cilla faifan yumɓu sama, sau biyar Delbert ya harbi iska. Ga gasar cin talotalo ce, rabin garinsu na Tennessee na kallo.

Shekara guda ya kwashe yana yi wa bindigar da ya gada wurin babansa kwaskwarima. Ya sauya bututu, ya sauya katakon gindi, ya ɗora mata fitila da madubin saiti. Duk abin da ya cire sai ya sa a intanet, mutum ɗaya ne kuma ke kwashewa.

"Wani sakarai na samu, mai son tsoffin ƙarafa," haka yake gaya wa matarsa Lorna.

Sai ga Lorna ta shigo layi da wata tsohuwar bindiga. Harbi biyar, faifai biyar.

Delbert ya ƙura wa katakon ido. Ga sunan babansa nan, sassaƙe da wuƙa.

"Lorna, ina kika samo wannan?"

Ta saɓa bindigar, ta miƙa masa talotalon.

"Riƙe min, Del. Sakaran naka na tambaya, yaushe za ka sa jakarta a kasuwa?"