Manajan Ɗakin Baya

Ran da ya cika kwana goma a ɗakin bayan shagon ɗinkin yayarsa, Manaja ya sake goge allo ya ja layi a tsakiya.

Teloli ne suka laƙaba masa sunan. Shekara shida ya yi a waje yana aikin kwamfuta, ya dawo da jaka ɗaya da baki cike da tsari. Ya tarar Yaya ta karɓi ɗinkin kayan makaranta ɗari huɗu, za a zo ɗauka ran wata Juma'a, in ta saɓa a koma wani shago. Ya ce ta bar masa komai.

Ranar farko ya tsayar da kowa taron minti goma sha biyar. Aka watse bayan awa uku, ko hannun riga ba a ɗinka ba. Washegari Yaya ta ba shi ɗakin baya, har da allo da fanka.

"Ƙanena, hanya biyu ka gaya mana jiya. Zauna ka zaɓa mana ɗaya. Kada ka yi gaggawa."

Nan fa ake yin ta. A tsarin farko, mai suna Sukuram, a yanka aiki mako-mako, kullum da safe a tsaya kowa ya faɗi inda ya kwana. A na biyu, mai suna Kamban, a liƙa kowane aiki a allo, kada a ɗauki sabo sai na hannu ya fita. Da safe ya so wannan, da rana ya koma wancan.

Abin da ya fi faranta masa shi ne ƙishirwar ilimin ma'aikatan. Da ya miƙe zai leƙa wajen kekunan ɗinki, sai wani ya faɗo da tambaya. Mai yanka ya sa ya maimaita Kamban sau uku. Mai guga ya wuni yana gyaɗa kai, ya ce shi dai Sukuram ɗin nan ya kwanta masa, amma a ƙara masa bayani.

Da safiyar kwana na sha ɗaya ya tsaya kan Kamban. Sai da ya ajiye alli ya tuna yau ce Juma'ar ɗaukar kayan. Ya fito yana shirya yadda zai ba Yaya haƙuri, ya tarar ana loda ɗauri-ɗaurin riguna a mota, a goge, a naɗe.

Wato darasinsa ya shiga, in ji zuciyarsa. Ya tambayi Yaya da wanne suka yi aiki. Tana cikin ƙirga ɗauri, ta nuna masa bayan ƙofa da haɓa.

Takarda ce da aka liƙa, an ja mata layuka da biro, an raba aikin kowace rana: yanka, ɗinki, maɓalli, guga. A layin ƙarshe kowa ya ɗauki kwanansa, har Yaya, a ƙarƙashin aikin da aka rubuta da manyan baƙaƙe: TSARE MANAJA.