Koren Fitilar Baba

Tun da aka raba wa tsofaffi agogon lafiya, na'ura ce ke gaishe su kowace safiya a madadin 'ya'yansu. In agogo ya amsa, sai fitilar tsohon ta yi kore a ofis da kuma wayar 'ya'yansa.

Ranar Talata Asabe ta leƙa ofishin na'urar a Gusau, don fitilar mahaifinta ta fara ƙyaftawa.

Injiniya Mamuda ya daɗe yana duban allo, sannan ya cire tabarau.

"Hajiya, yaushe rabonki da muryarsa?"

"Tun sallar bara. Ai kullum fitilarsa koriya ce."

"Wata goma ke nan layin ƙauyenku a yanke. Na'urar kanta take kira, ta amsa wa kanta."

Asabe ta waiwaya, ga bango guda cike da fitilun sauran tsofaffi, duka kore.