Golan da sunansa ke kan takarda

Ɗanliti, tunda ka ce biza ta fito, ajiye wayar nan ka saurare ni, misali ɗaya zan ba ka ka tafi da shi.

Akwai wani mai tsaron raga da aka yi a nan yankinmu, dogo, hannuwa kamar faifai. In ya tsaya a raga, masu buga fenariti sai sun yi addu'a tukuna. Wani ƙaramin kulob a Rasha ya kira shi gwaji na wata guda: wasa biyu za a sa shi, in ya yi abin kirki a ba shi kwantiragi, in bai yi ba ya koma inda ya fito. Da ya sauka aka haɗa shi da tafinta, wani mutumin Maraɗi mai karatun likita a garin. Gogan naka ya dube shi sama da ƙasa, ya ce masa ya koma ga littattafansa, ai ƙwallo yarenta ɗaya ne a duk duniya. Kuma a filin wasa kam ba a ce ya yi ƙarya ba. Cikin mako guda kunnensa ya kama yadda suke kiran bugun kusurwa da satar gida, ya gane shi kansa "biratar" suke ce masa, wato gola, in ban karya musu harshe ba. Sauran magana kuwa, duk abin da aka faɗa masa sai ya gyaɗa kai yana murmushi ya ce "da, da", wato e, e. Rubutunsu ne bai ko kalla ba. Mutanen nan harafin da kai ka sani da P su R suke karanta shi, sunan baƙo kuma yadda kunnensu ya ji suke rubuta shi da nasu haruffan. Sai ka tsaya gaban sunanka na yanka ka wuce shi kamar ba ku taɓa haɗuwa ba.

To ga inda gizo ke saƙa. A wurinmu koci tara yara yake a tsakiyar fili ya kira masu buga wasa da baki, ɗaya bayan ɗaya. Su can takarda ake mannawa a ƙofar ɗakin sauya kaya ran Juma'a, kowa ya duba, wanda ya ga sunansa ya hallara wurin mota da safiyar Asabar. Mutuminmu yana ganin ana cincirindo gaban takardar, amma ya ce a ransa shi da ake rera wa waƙa a gida ba zai tsaya yana tambayar wani ina sunansa ba, in ana son sa ai za a kira shi. Asabar ya wuni a ɗaki yana fushi, wai an raina shi. Ran Litinin koci ya tare shi fuska a murtuke, ya tambaye shi ko ya ga takarda. Ya yi murmushi ya ce "da, da". Kai jama'a! Juma'a ta zagayo aka sake mannawa, ya sake wucewa, mota ta sake jiran sa minti goma ta tafi da golan benci.

Tafintan nan da ya kora, shi aka aiko masa da tikitin komawa gida. Bawan Allah bai yi masa gori ba. Hannunsa kawai ya ja zuwa ƙofar, ya ɗora yatsa a layin farko, sama da na kowa, ya karanta masa sunansa da na mahaifinsa. Ƙaton nan ya sulale ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da hannuwan nan nasa. Har yau in na tuna abin yana yi mini ciwo, domin ko ƙwallo ɗaya ba a zura masa a ƙasar Rasha ba, kuma ko wasa ɗaya bai buga ba.

Saboda haka in ka sauka, ka ga mutane sun taru suna duban wani abu, buɗe baki ka ce a karanta maka. Hausawa suka ce matambayi ba ya ɓata.